Motar gwamnati ta kaɗe mahaifina, sun ce mu yi haƙuri ana bin fayil. Mu kai ƙara ko mu jira?

Sani_Kurna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga lauyoyin da ke cikin wannan zaure. Yau kwana 52 ke nan da wata farar Hilux mai lambar gwamnati ta kaɗe mahaifinmu bayan sallar La'asar. Ba ma tsallaka titi yake yi ba, yana tsaye ne kusa da mai lemo yana jiran Adaidaita, direban ya kauce wa cunkoso ya hau gefen hanya a guje. Ƙashin cinya ya karye gida biyu, an sa masa ƙarfe, haƙora biyu sun fita. Shekararsa 63, tela ne, da wannan ƙafar yake taka keke.

Mutanen wurin ne suka tare motar, don haka lambarta tana hannunmu. Washegari jami'ai uku daga ma'aikatar suka zo asibiti suka jajanta, suka ajiye ambulan mai naira dubu 150, suka ce mu tara rasit mu kawo, ofis zai biya komai. Zuwa yanzu mun kashe abin da ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Mun sayar da keken ɗinki ɗaya da tumakin Inna. Na je ofishin sau shida. Yau a ce oga ya yi tafiya, gobe a ce fayil yana teburin darakta, jibi a ce ba a saki kuɗin wata ba. Da gangan na ƙi faɗin sunan ma'aikatar.

Kawuna ya ce ba a shari'a da hukuma, mu ci gaba da bi a hankali. Shin da gaske ne? In kuma ana yi, ta ina ake farawa?

Maman_Ilham:
Innalillahi. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Gaskiya_Ɗaci:
Allah ya ba shi lafiya. Amma malam Sani kawunka bai yi ƙarya ba. Wanda wuƙa da nama ke hannunsa za ka kai ƙara? Alƙalin su ke biyan shi, ɗan sandan su ke biyan shi. Ka karɓi abin da ya samu ka yi gaba.

Lauya_Bazazzagiya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Malam Sani, kafin komai ka ajiye maganar miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu, ka dubi wancan lissafin da ka fara kawowa, kwana 52. Shi ne abin da ya tayar min da hankali.

Ana kai gwamnati ƙara, kuma ana cin ta. Amma akwai Dokar Kare Jami'an Gwamnati, ta tarayya, jihohi ma suna da irin tasu. Sashe na 2 ya ce duk wanda zai yi ƙarar jami'in gwamnati kan abin da ya yi ko sakacin da ya yi a bakin aikinsa, to ya shigar da ƙarar cikin wata uku daga ranar da abin ya faru. Wata uku, ba shekara uku ba. Kotun Ƙoli kuma tun 1998, a shari'ar Ibrahim da hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta Jihar Kaduna, ta ce wannan kariya ba ta tsaya kan mutum ɗaya ba, har hukumar kanta tana iya fakewa da ita.

Za ka ce ai Baba yana kwance, ciwon bai ƙare ba. An taɓa kawo wannan hujjar. A shari'ar Obiefuna da Okoye ta 1961, motar 'yan sanda ce ta kaɗe mutum a kan babur, ya yi ta jinya, sai da ya samu sauƙi ya garzaya kotu. Kotu ta ce ya makara, abin da doka take nufi da ci gaban cutarwa shi ne aikin da ya jawo raunin ya ci gaba, ba raɗaɗin raunin ba. Kaɗewar rana ɗaya aka yi ta, daga ranar ake ƙirge.

Sannan zaryar da kake yi ofis ba ta tsayar da ƙirgen. Tattaunawar sulhu ba ta tsayar da wa'adi. Ban ce da mugun nufi suke ja maka rai ba, ban san zuciyarsu ba. Amma na ga fayil da yawa da suka daina motsi daidai ranar da wata uku ya cika.

Ga kuma wani abu: hukumomi da yawa dokar da ta kafa su ta ce sai an ba su sanarwar niyyar ƙara a rubuce, galibi wata ɗaya kafin a shigar. In taku tana cikinsu, 52 a tara da 30 ya zama 82. Ka ga abin da ya rage maka. Ka nemi lauya a satin nan, ba sati mai zuwa ba.

Sani_Kurna:
Subhanallah. Barista wallahi ban taɓa jin wannan ba. Ni a zatona tunda sun amsa da bakinsu cewa motarsu ce, magana ta ƙare.

Lauya_Bazazzagiya:
Da baki suka amsa ko a takarda? In a takarda ce mai hatimi, ka adana ta kamar takardar gida. In da baki ne, to ranar shari'a ba wanda zai tuna ya faɗa.

TsohonDireba:
Ni na yi shekara 27 ina tuƙa motar gwamnati kafin na yi ritaya, bari in faɗa muku yadda abin yake daga ciki. Kowace mota tana da littafin da ake rubuta inda ta je da wanda ya aike ta. In aka yi hatsari, abin da ofis zai fara dubawa ke nan. In an rubuta fitar, aikin ofis ne. In ba a rubuta ba, misali oga ya aike ka kai madam kasuwa ko ɗauko yara daga makaranta, sai a wayi gari a ce direba ne ya ɗauki mota don raɗin kansa. Shi ogan da ya aike ka ba zai buɗe baki ba. Sai a ba ka takardar tuhuma, a ce ka je ka ji da mutanen.

Ina roƙon ka Sani, kada ku danne direban shi kaɗai. Albashinsa na shekara ba lalle ya biya kuɗin ƙarfen da aka sa wa Baba ba. Kuma gudun nan da kuke gani, sau da yawa wanda ke zaune a kujerar baya ne yake cewa taka, mun makara.

Auwal_Fagge:
Baba direba da girmanka, amma wanda ke kujerar baya ba shi ne ya murɗa sitiyari ya hau inda mutane ke tsaye ba. Kullum sai a ce oga ne. Kai ba ka da birki?

TsohonDireba:
Ina da birki ɗana, kuma ina da 'ya'ya tara. Ban ce direban ba shi da laifi ba. Cewa na yi ba shi kaɗai ba ne.

Lauya_Bazazzagiya:
Abin da Baba direba ya kawo yana da muhimmanci ta fuska biyu. A doka, in ma'aikaci ya yi ɓarna yana cikin aikin ubangidansa, ubangidan ma yana ɗaukar alhaki. Shi ya sa ake haɗa su a ƙara ɗaya: direban, da hukumar, sau da yawa har da Antoni Janar. In suka ce ba aikin ofis yake ba don su zame, to sun kwaye wa direban rigar kariyar wata ukun, domin dokar ba ta kare wanda ya fita daga hurumin aikinsa. Sai dai a nan an bar ka da mutumin da ba shi da abin biya. Don haka ka samu shaidar wanda yake cikin motar ranar, da inda za su.

Nas_Hauwa:
Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren ƙashi. Abin da zan ƙara: ku nemi rahoton likita yanzu, tun likitan da ya yi aikin yana nan ba a canza masa wurin aiki ba. Ya rubuta irin karayar, aikin da aka yi, da ko za a sake buɗewa a cire ƙarfen nan gaba, don shi ma kuɗi ne. Hoton ƙashi na ranar farko kada ya ɓata. Rasit kuma ku yi masa hoto a waya ku yi fotokwafi, domin irin na inji ɗin nan mai santsi bayan 'yan watanni rubutun gogewa yake yi, ka ɗauko ka ga farar takarda.

Kuma don Allah kada wani ya zuga ku ku ɗauke shi ku kai wa mai ɗori. Ban raina masu ɗori ba, amma ƙafar da ke da ƙarfe a ciki ba tasu ba ce.

Sani_Kurna:
Hajiya Hauwa, ai rasit ɗin na asali na kai musu ofis tun zuwana na biyu. Sun ce a fayil za a sa.

Nas_Hauwa:
Kai! Ka koma wurin biyan kuɗi na asibitin gobe da sassafe ka roƙa a fitar maka da wani. Na kantin magani ne za su ba ka wahala.

Malam_Ɗanjuma:
Allah ya ba mahaifinka lafiya. Ina ganin wasu suna jin nauyin neman haƙƙi a irin wannan, suna ɗauka kamar rashin yarda da ƙaddara ne. Ba haka ba ne. A Suratun Nisa'i aya ta 92, Allah ya wajabta diyya a kisan kuskure, a miƙa ta ga iyalan mamacin, sai dai in su suka yafe. Kuskure fa, ba ganganci ba. Raunuka ma Shari'a ta yi musu ƙima: cikakkiyar diyya raƙuma ɗari ce, wanda ya rasa ƙafa ɗaya rabin diyya, haƙori ɗaya raƙuma biyar. Malaman fiƙihu har sun tattauna kuskuren da shugaba ya yi a bakin aiki, ko danginsa ne za su biya ko baitulmali. Saɓaninsu a kan wa zai biya ne, ba a kan ko za a biya ba.

Yafiya alheri ce, amma mai haƙƙi ne ke yin ta da daɗin rai. Wanda aka gajiyar da shi da zarya har ya haƙura, wannan ba yafewa ya yi ba. Kuma haƙƙin na Baba ne, ba na kawu ba.

Gaskiya_Ɗaci:
Malam duk mun yarda. To an ci shari'ar, wa zai biya? Maƙwabcinmu motar wata hukuma ta take masa ƙafa a bakin kasuwa, ya yi shekara huɗu yana hawa da sauka a kotu, aka yanke a ba shi kuɗi. Har ya rasu bai ga sisi ba. Takardar hukuncin tana nan a akwatin matarsa. Barista ki faɗa masa wannan ma.

Lauya_Bazazzagiya:
Zan faɗa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Cin shari'a daban, karɓar kuɗi daban. Hanyar da aka saba bi ita ce a sa kotu ta umarci bankin da ke riƙe da kuɗin wanda aka ci ya biya kai tsaye. Amma sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu ya ce in kuɗin yana hannun jami'in gwamnati a matsayin aikinsa, sai an samu izinin Antoni Janar. Wato lauyan wanda ka kayar shi za ka nemi izini a wurinsa. Lauyoyi sun daɗe suna kuka da wannan sashe, kotuna ma sun yi ta kai-kawo a kansa. Ga ɗaukaka ƙara kuma.

Amma ka lura da abu ɗaya malam Gaskiya_Ɗaci. Da yawa daga irin waɗannan ƙararraki ba sa kai wa hukunci. Ranar da sammaci ya isa sashen shari'a na hukumar, fayil ɗin da ya yi wata biyu a teburin darakta sai ya samu ƙafa. A zauna a yi sulhu, a rubuta, a kai kotu ta sa hannu ya zama hukunci. Wanda ya shigar da ƙara cikin lokaci yana sulhu da abin riƙo a hannunsa. Wanda wa'adinsa ya wuce roƙo yake yi.

Zongo_Bronx:
Salam daga New York. Ni ɗan Kumasi ne, ina tuƙin tasi a nan. Ku daina ganin kamar ku kaɗai ne. Nan ma in motar birni ta buge ka, ta kwasar shara ko ta 'yan sanda, kwana 90 gare ka ka kai sanarwar neman diyya a rubuce, ƙarar kanta kuma cikin shekara ɗaya da kwana 90. Wani yaronmu ya kusa rasa nasa saboda yana jiran ya warke. In ta gwamnatin tarayya ce, kamar motar gidan waya, akwai doka tun 1946: ka cike fom ka kai wa hukumar cikin shekara biyu, tana da wata shida ta amsa, in ta ƙi sannan ka tafi kotu. Lauya kuma ba zai ci fiye da kashi 25 cikin ɗari ba in an je kotu, kashi 20 in an sasanta tun a hukumar. Wasu jihohin ma sun yi wa kuɗin iyaka, Florida dala dubu 200 ga mutum ɗaya komai munin raunin, sai majalisar jiha ta amince a ƙara.

Bambancin dai, nan in an ce za a biya, cak yana zuwa.

Auwal_Fagge:
To ai wannan bambancin shi ne duka maganar, Alhaji.

Ɗan_Maraɗi:
Mu a Nijar dokar inshora ta CIMA, wato ƙungiyar kula da inshora ta wasu ƙasashen Afirka, ta tilasta wa kowa yin inshorar mota amma ta cire gwamnati, ita ke ɗaukar nauyin motocinta da kanta. Don haka in motar gwamnati ta buge ka ba kamfanin inshora za ka bi ba. Abin da muke riƙewa da ƙarfi shi ne takardar da 'yan sanda ko jandarmomi suka rubuta a wurin hatsarin. In babu ita ka shiga uku. Sani, ku a can an zo an auna wurin kuwa?

Sani_Kurna:
An zo, ɗan sanda ya yi zane ya ɗauki bayanin mai lemo da wani mai faci. Motar ta kwana biyu a caji ofis aka sake ta.

Lauya_Bazazzagiya:
Madalla. Lauyanka zai nemi kwafin rahoton da zanen, da rahoton VIO, jami'an duba lafiyar mota, in sun duba motar. Kai kuma ka karɓi lambar wayar mai lemo da mai faci yau. Masu sana'ar bakin titi ana iya tashinsu kowane lokaci, ka neme su ka rasa.

Ummu_Sadiq:
Ni abin da ke ci min rai ayarin manya ne. Jiniya tun daga nesa, mutum ya rasa inda zai sa kansa. Ko Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU, a watan Nuwamba 2013 a hanyar Lokoja ya rasu yana kan hanyar zuwa taro Kano, motar ayarin gwamnan Kogi ce ta yi karo da tasu. In farfesa mai ƙungiya a bayansa bai tsira ba, ina ga mai tallan gyaɗa? Kuma gwamna ai ba a kai shi ƙara.

Ɗalibin_Shari'a:
Gyara kaɗan Hajiya. Sashe na 308 na Kundin Tsarin Mulki ya hana a yi ƙarar gwamna shi a karan kansa yana kan mulki, amma bai hana ƙarar ofishinsa ko gwamnatin jiha ba, kuma bai rufe direba ba.

Maganar kawun Sani kuma tana da asali. A da can gaskiya ce. Mun gaji ƙa'idar Ingila cewa ba a ƙarar sarauta kan ɓarna, har Kotun Ƙoli ta yi aiki da ita a 1985 a shari'ar Ransome-Kuti, saboda ƙona gidan mawaƙi Fela Kuti da sojoji suka yi a Legas a 1977 ne, kafin Kundin 1979 ya buɗe ƙofa. Abin haushin, su Ingila sun ba da damar ƙarar gwamnati tun 1947, dokarsu ta kare hukumomi mai gajeren wa'adi kuma suka soke ta a 1954. Yanzu mai rauni a can shekara uku gare shi. Mu muna nan riƙe da wata uku.

Auwal_Fagge:
Mai kayan ya zubar, ɗan dako yana ta fama.

Admin:
Jama'a a koma kan tambayar Sani. Wanda ya sa hoton wata mota da sunan hukuma na goge, ba mu da tabbacin ita ce.

Maman_Ilham:
Tambayata ga Barista, mutumin da ya sayar da tumaki don magani ina zai samu kuɗin lauya?

Lauya_Bazazzagiya:
Hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a jihohi, kuma neman diyyar hatsari yana cikin abin da dokarta ta ba ta dama ta tsaya wa marasa hali. Reshen ƙungiyar lauyoyi ma akwai masu yi kyauta. Wasu lauyoyin kuma sukan yarda a biya su daga abin da aka samu, amma a rubuta kason tun farko. Hukumar karɓar koke-koken jama'a tana iya matsa wa ofishin lamba, sai dai kai mata kuka ba ya tsayar da wata ukun, kuma ba ta shiga maganar da ke gaban kotu. Wace kotu za a je, ta jiha ko ta tarayya, wannan lauyan ne zai duba bayan ya san hukumar, kada ka yi wa kanka zaɓi.

Abu na ƙarshe: in suka kira ka karɓar kuɗi suka miƙo takarda, kada ka sa hannu sai lauya ya karanta. Layi ɗaya da ya ce an biya komai an gama ya isa ya rufe maganar aikin cire ƙarfe da watannin da Baba zai yi bai taka keke ba.

Bello_Gyaɗi-Gyaɗi:
Wai in mutum yana tsallakawa ne a ƙarƙashin gadar masu tafiya a ƙasa aka buge shi fa? Ƙanina ke nan bara, muka ji kunya ba mu nemi komai ba.

Ɗalibin_Shari'a:
Sakacinsa yana sa a rage masa diyya gwargwadon laifinsa, ba ya soke ta gaba ɗaya in direban ma ya yi sakaci. Amma in motar gwamnati ce kuma bara ne, ka ga abin da Barista ta faɗa a sama.

Sani_Kurna:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Ga inda aka kwana. Jiya na ga lauya, ya duba dokar hukumar, ya ce lalle sai an ba su sanarwar wata ɗaya, ya rubuta, Litinin za a kai. Asibiti sun sake fitar min da rasit na aikin tiyata, na magunguna kusan rabi sun tafi. Mai lemo ya ce zai zo ko'ina, mai faci ya ce shi ba ruwansa da kotu.

Matsalar yanzu a gida take. Direban ya zo daren jiya shi kaɗai, da ledar lemo da ayaba, ya durƙusa gaban gadon Baba yana kuka, ya ce an dakatar da shi aiki kuma matarsa na da tsohon ciki. Bayan ya fita Baba ya ce shi ba zai sa hannu a takardar da sunan yaron nan yake ciki ba. Na ce masa hukumar muke nema, ya juya fuska bango. Lauya kuma ya ce cire sunan direban zai iya raunana ƙarar. Yau kwana 55.

TsohonDireba:
Ka tambayi yaron wa ke cikin motar ranar, kuma ko an rubuta fitar a littafi. In an dakatar da shi, alama ce suna shirin cewa ba su suka aike shi ba. Wataƙila shi ma ƙarar ce za ta cece shi. Ka bar ni in yi magana da Baba, tsoho da tsoho. Na turo maka lambata ta akwatin sirri.

Gaskiya_Ɗaci:
Ni dai ina nan a kan bakata. Amma ka kai sanarwar Litinin ɗin, kuma ka tabbata sun buga hatimin karɓa a kwafinka da kwanan wata, kada ka bar wa masinja a bakin ƙofa.

Maman_Ilham:
Yaya jikin Baban, ya fara takawa da sanda?